Waliyyi Charles de Foucauld: Sojan da Ya Zama Ɗan'uwan Buzaye

Ranar 1 ga watan Disamba ta kowace shekara, Ikilisiya Katolika tana tunawa da Waliyyi Charles de Foucauld, Fada Bafaranshe wanda ya ƙare kwanakinsa a tsakiyar Hamadar Sahara, cikin Buzayen duwatsun Ahaggar, a garin Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya. Mu da ke zaune a Katuru, da Shinkafi, da Zurmi, da Ƙauran Namoda, Buzaye ba baƙi ba ne gare mu. Mun san rawaninsu da raƙumansu, kakanninmu kuma sun sayi gishiri da kanwa a hannunsu. Sunan Tamanrasset ma ba ɓoyayye ba ne ga samarinmu masu bin hanyar Agadas zuwa ci-rani. Saboda haka, 'yan'uwa cikin Kristi, labarin wannan bawan Allah ya fi kusa da ƙofar gidanmu fiye da yadda sunansa yake nunawa.

An haife shi ranar 15 ga Satumba, 1858, a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, cikin gidan sarauta da wadata. Bai cika shekara shida ba uwarsa da ubansa suka rasu a shekara guda, wato 1864, ya koma hannun kakansa na wajen uwa, wani tsohon kanar na soja, shi da ƙanwarsa Marie. Kakan ya ƙaunace shi ƙwarai, amma ya sakar masa linzami. Kafin ya kai shekara goma sha bakwai ya riga ya watsar da bangaskiyarsa gaba ɗaya. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876, daga nan ya wuce makarantar sojan doki ta Saumur, inda ya fito na ƙarshe cikin ɗalibai 87. A 1878 kakan ya rasu ya bar masa gādo mai yawa, shi kuwa ya sa wa dukiyar wuƙa: ciye-ciye, shaye-shaye, caca da mata. Da aka tura rundunarsa garin Sétif a Aljeriya, ya tafi da wata mace yana nuna ta tamkar matarsa ta aure. Shugabanninsa suka umurce shi ya sallame ta, ya ƙi, aka dakatar da shi daga aiki a 1881.

Bayan 'yan watanni ya ji abokansa suna fagen fama, ya roƙa a mai da shi, ya yi yaƙi a kudancin Oran, ya nuna jaruntakar da ba wanda ya zaci yana da ita. A 1882 ya ajiye aikin soja da kansa, domin ya ƙudura zai ratsa ƙasar Maroko, wadda a lokacin ba a yarda Bature Kirista ya shiga cikinta ba. Ya yi shigar malamin Yahudawa, ya ɗauki sunan aro, ya bi wani Bayahude mai suna Mardochée Aby Serour, suka yi wata goma sha ɗaya suna tafiya, daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884, kusan kilomita 3,000, yana auna hanya da duwatsu a asirce. Wannan aiki ya jawo masa lambar zinariya daga ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin Paris a 1885.

Amma akwai abin da ya dawo da shi daga Maroko wanda ya fi lambar nauyi. Ya ga mutane, matalauta da masu hali, suna barin abin da suke yi sau biyar a yini, su fuskanci gabas, su kai goshinsu ƙasa. Shi da aka yi wa baftisma ya manta da Allah, ga waɗansu kuwa suna rayuwa kullum a gaban Allah. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa ibadar Musulmi ce ta fara girgiza shi. Ya kamata mu da muke zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi mu riƙe wannan: kiran sallar asuba da muke ji kowace safiya yana cikin abubuwan da Ubangiji ya yi amfani da su ya farkar da wani waliyyi na Ikilisiya.

Da ya koma Paris, halin wata 'yar'uwarsa, Marie de Bondy, ya ƙara jan hankalinsa. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta yi masa gori ba, kirkinta kawai yake gani. A ƙarshen Oktoba 1886 ya shiga cocin Waliyyi Augustine ya sami Fada Henri Huvelin, ya ce yana son a koya masa addini. Fada ya umurce shi ya durƙusa ya yi ikirarin zunubansa. Ya yi gardama kaɗan, sa'an nan ya durƙusa. Da ya gama, Fada ya tura shi ya karɓi Jikin Kristi nan take. Yana da shekara ashirin da takwas.

A cikin Bisharar Matiyu, sura 5, Ubangijinmu ya jera masu tsarkin zuciya da masu ƙulla salama kusa da juna, aya ta 8 da ta 9, kuma ba banza ya yi haka ba. Sau da yawa mukan ɗauka tsarkin zuciya rabon wanda bai taɓa faɗuwa ba ne. Charles ya faɗi, faɗuwa kuwa mai muni wadda duniya ta sani. Abin da ya sami tsarki a cikinsa shi ne nufinsa: zuciyar da a dā take rarrabe tsakanin ciki, da sha'awa, da neman suna, ta koma son abu ɗaya tak, wato ta yi kama da Yesu na Nazarat, wanda ya yi shekara talatin yana aikin hannu a ƙauye ba wanda ya san da shi. Duk sauran rayuwarsa wannan abu ɗaya ya bi, ko da yake hanyar ta yi ta karkacewa.

A Janairu 1890 ya rabu da sauran dukiyarsa ya shiga gidan zuhudu na 'yan Trappist, aka tura shi wani gidansu matalauci a Akbès, cikin ƙasar Sham. Ya yi shekara bakwai tare da su, amma ya ga ko talaucin masu zuhudu bai kai na leburorin da ke kewaye da su ba. A 1897 aka sallame shi da izini, ya tafi Nazarat ya zama bara a gidan Sistocin Waliyya Klara, yana kwana a wata bukka cikin lambu, yana shara, yana zuwa aike. Aka shawo kansa ya karɓi aikin firist, aka keɓe shi Fada ranar 9 ga Yuni, 1901, a Viviers, kuma kafin shekarar ta ƙare ya isa Beni Abbès, wani zango a hamadar Aljeriya kusa da iyakar Maroko.

A can ya gina ɗan gida da ɗakin addu'a, ya bar ƙofa a buɗe ga kowa: soja, matafiyi, bawa, Musulmi, Bayahude. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne bauta. Faransa ta haramta ta a takarda, amma hafsoshinta sun kawar da kai don kada su ɓata da masu bayi. Ya rubuta wa shugabanninsa na Ikilisiya wasiƙu masu zafi a kan haka, ya kuma fanshi 'yan kaɗan da kuɗin da danginsa suke aiko masa. Ɗaya daga cikinsu, Paul Embarek, yana kusa da shi a ranar mutuwarsa.

A Agusta 1905 ya sauka Tamanrasset, wadda a lokacin ƙauye ce mai gidaje kamar ashirin. Sai mu tuna irin mutanen da ya je wurinsu. Shekara uku kafin nan, a Mayu 1902, rundunar Faransa ta karkashe mayaƙan Ahaggar a wani wuri mai suna Tit, ba nisa da Tamanrasset. Wato ya je ya zauna shi kaɗai cikin iyaye da matan waɗanda mutanen ƙasarsa suka kashe. Sarkinsu, Musa ag Amastan, ya ba shi izinin zama, sauran jama'a kuwa suka zuba masa ido daga nesa.

Bai hau dutse ya yi wa'azi ba. Abin da ya fara yi shi ne koyon harshensu, ya kuwa ba wannan aiki shekara goma sha ɗaya, wani lokaci sa'o'i goma ko fiye a yini. Ya bi zango zango yana zama da tsofaffi da mata yana rubuta waƙoƙinsu, har ya tara baiti wajen dubu shida. Ya fassara Bishara zuwa harshensu. Ya haɗa ƙamus na Buzanci da Faransanci mai shafi fiye da dubu biyu, wanda aka buga cikin littattafai huɗu a 1951 da 1952, bai kuwa so a sa sunansa a kan ayyukan nan ba. Tsakanin haka yana ba da magani, da allura, da 'yar hatsi, yana sauraron ƙararraki, yana ba Musa shawara a kan adalci ga talakawa, yana kuma kai kuka wurin manyan hafsoshi idan wani soja ya zalunci mutane.

Shekarar 1907 ta zo da fari mai tsanani. Awaki suka ƙafe, yara suka rame. Charles ya raba abincin da ya tanada har ya ƙare. A lokacin kuma ba shi da izinin yin Misa shi kaɗai ba tare da mai taimako ba, don haka Kirsimetin shekarar ya wuce masa babu Misa, babu wasiƙa, babu ko mutum ɗaya da ya karɓi bangaskiya ta hannunsa a Ahaggar. A farkon 1908 ya kwanta ciwo har ya fid da rai. Sai Buzayen nan, waɗanda su ma yunwa take ci, suka bi ƙauyuka da zangon makiyaya suna neman akuyar da ta rage da ɗan nono, suka tatso suka kawo masa har ya farfaɗo. A ganina nan ne rayuwarsa ta juya karo na biyu. Tun zuwansa shi ne mai bayarwa, mai bayarwa kuwa kullum hannunsa a sama yake. Sai da ya karɓa daga hannunsu, ransa ya rataya ga alherinsu, sa'an nan zumunci na gaskiya ya ƙullu. A ƙarshen watan Janairun nan kuma labari ya iso masa cewa Roma ta ba shi izinin yin Misa shi kaɗai.

Ba za mu ɓoye wani gefe na labarin ba. Charles ya mutu yana Bafaranshe mai kishin ƙasarsa, tsohon hafsa, abokin Janar Laperrine. Ya gaskata mulkin Faransa zai kawo wa Sahara alheri in an yi shi da adalci, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma yakan aika wa hafsoshi labarin motsin abokan gāba. Mu da kakanninmu suka ɗanɗana mulkin mallaka ba za mu yarda da shi a nan ba, Ikilisiya ma ba ra'ayinsa na siyasa ta ɗaukaka ba. Ko zuciyar da ta miƙa wuya ga Allah takan ɗauki ƙurar zamaninta.

A 1916 hamada ta rikice. Mayaƙan Sanusiyya suna matsowa daga Libiya, mahara suna yawo. Charles ya gina wata 'yar ganuwa ta ƙasa domin mutanen ƙauye su fake idan an kawo hari, aka ajiye hatsi da 'yan bindigogi a ciki. An ba shi shawara ya koma barikin soja, ya ƙi barin maƙwabtansa. Ranar 28 ga Nuwamba ya kammala aikin waƙoƙin Buzaye. Ranar Juma'a 1 ga Disamba, da magariba, wani mutum da ya sani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wasiƙu sun iso. Da ya buɗe, aka fizgo shi waje, aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka durƙusar da shi, aka bar wani yaro ɗan shekara kamar goma sha biyar yana tsaronsa da bindiga, sauran suna kwasar kaya. Bisa ga dukkan alamu nufinsu su tafi da shi su yi garkuwa da shi. Sai ga sojoji biyu a kan raƙuma sun ɓullo, harbi ya tashi, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Yana da shekara hamsin da takwas. A cikin watan nan ne kuma Kawsan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, har zuwa Maris 1917.

Ba sai an fassara wa mutumin Zurmi ko Shinkafi wannan magariba ba. Ƙwanƙwasa ƙofa, muryar wanda aka sani, igiya a hannu, yaro ƙarami riƙe da bindiga: gidaje da yawa a yankinmu, na Musulmi da na Kirista, sun ga irinta a shekarun nan. Jarabar da ke biyo baya ita ce a ɗora laifin a kan kabila ɗungum, a daina gaisawa da duk mai irin wannan harshe ko irin wannan shiga. Amma a Tamanrasset, Buzaye ne suka ɗaure shi, Buzaye ne kuma suka tatso masa nono shekara takwas kafin nan. Washegari mutanen ƙauyen suka binne shi kusa da sojoji Musulmi da aka kashe a harin. Musa ag Amastan, Musulmi mai riƙo da addininsa, ya aika wa ƙanwarsa Marie wasiƙar ta'aziyya cike da baƙin ciki. Bayan mako uku wani hafsa ya tsinci Sakramenti Mafi Tsarki a cikin yashi a ɗakin addu'ar da aka wawashe.

Ya rubuta ƙa'idodin ƙungiyar zuhudu sau da dama, amma ya mutu ba shi da almajiri ko ɗaya da ya zauna. Sai bayan da René Bazin ya buga tarihinsa a 1921 mutane suka fara bin sawunsa. A 1933 Fada René Voillaume ya kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, a 1939 kuma Sista Magdeleine ta kafa Ƙananan Sistocin Yesu, dukansu a hamadar Aljeriya, daga nan suka bazu cikin duniya, har da ƙasar Nijar. An ayyana shi Mai Albarka ranar 13 ga Nuwamba, 2005, a zamanin Paparoma Benedict na 16. Paparoma Francis ya ambace shi a ƙarshen wasiƙarsa ta 2020 a kan 'yan'uwantakar 'yan Adam, sa'an nan ya sa shi cikin jerin waliyyai ranar 15 ga Mayu, 2022. Tun 1929 aka ɗauke gawarsa daga Tamanrasset zuwa El Goléa, wadda yanzu ake kira El Meniaa, kabarinsa yana can a gefen wani ƙaramin coci a bakin hamada.