Tekumse, Jarumin da Aka Manta da Shi Ranar Sulhu

A filinmu na tarihi na wannan mako mun ɗauko mutumin da ba Ba'amurke ba ne, ba kuma ɗan Ingila ba, amma yaƙin da ƙasashen biyu suka gwabza a 1812 shi da jama'arsa ya fi ci.

An haifi Tekumse wajen 1768 a yankin Ohayo, cikin ƙabilar Shawni, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a nahiyar. Yana ɗan shekara shida aka kashe mahaifinsa a fagen fama da Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Ya tashi yana kallon ƙasar kakanninsa tana zaizayewa, yau wannan yarjejeniya, gobe waccan. A 1809 Gwamna Harrison na yankin Indiyana ya lallaɓi wasu shugabannin ƙabilu suka sallama wa Amurka fili kimanin eka miliyan 3. Tekumse ya ƙi yarda. A ganinsa ƙasa gadon kowa ce, babu ƙabila ɗaya mai ikon sayar da ita. Sai ya shiga bin ƙabilu ɗaya bayan ɗaya yana neman su haɗa kai. Yana can kudu a 1811 sojojin Harrison suka ƙone garin da shi da ƙaninsa suka kafa.

A lokacin nan Amurka na ciki da Ingila. Ingila na yaƙi da Napoleon, don haka ta tare wa jiragen ruwan Amurka hanyar ciniki da Faransa, tana kuma kame matuƙansu ta tilasta musu aiki a rundunarta. Ga zargin cewa daga Kanada take ba ƙabilu makamai. A Yunin 1812 Amurka ta ƙaddamar da yaƙi.

Tekumse ya bi bayan Ingila, ba don ƙauna ba, sai don makiyinsu ɗaya. Cikin wata biyu shi da Janar Brock suka karɓe Detroit. Amma da Amurka ta mamaye tafkin Erie a 1813, sojan Ingila suka ja da baya. Ranar 5 ga Oktoba, a bakin kogin Thames na Kanada, sahunsu ya watse, Tekumse da mutanensa suka tsaya har aka kashe shi. Haɗin kan ƙabilun bai daɗe a bayansa ba.

A Disambar 1814 aka yi sulhu a birnin Ghent, kowa ya koma kan iyakarsa ta dā. Da farko Ingila ta nemi a keɓe wa ƙabilun yanki nasu, da Amurka ta ƙi sai ta janye maganar. Mu dai a nan muka fi ganin cin amana, fiye da gudun bakin kogi. Bayan 1830 aka kwashe ragowar Shawni daga Ohayo zuwa yammacin kogin Mississippi. Harrison kuwa ya zama shugaban Amurka a 1841.