Edward Meyrick

Edward Meyrick (25 Nuwamba 1854 – 31 Maris 1938) malamin makaranta ne kuma masanin ƙwari ɗan ƙasar Ingila. Ya shahara wajen nazarin ƙananan ƙwarin nan dangin malam-buɗe-littafi masu tashi da dare, waɗanda ya raɗa wa nau'o'insu sama da 14,000 suna na kimiyya.

Farkon rayuwa da ilimi

An haife shi a Ramsbury da ke yankin Wiltshire. Ya yi karatu a Kwalejin Marlborough, sannan a Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge. Daga 1877 zuwa 1886 ya koyar a Ostireliya da New Zealand, inda ya tattara ƙwari masu yawa. Da ya dawo gida ya koyar da Latin da Girkanci a Marlborough har ya yi ritaya a 1914.

Aikinsa

Cikin dangogin da ya yi aiki a kansu akwai Tortricidae, waɗanda tsutsarsu kan naɗe ganye da zare ta ɓuya a ciki tana ci. Masu tara ƙwari sun riƙa aiko masa da samfura daga ƙasashe masu zafi, har da tsaunukan Khasi na Indiya da tuddan Sri Lanka. A 1913 ya bayyana nau'in da yau ake kira Thaumatotibia leucotreta, mai ɓarnar lemo da auduga a Afirka.

Ya wallafa A Handbook of British Lepidoptera a 1895, da jerin Exotic Microlepidoptera daga 1912 zuwa 1937. An zaɓe shi mamban Royal Society a 1904.

A 1912 ya soki sunaye marasa ma'ana irin su bobana, cocana da dodana, waɗanda Ba'amurke William Kearfott ya ba wasu masu naɗe ganye, ya sauya su da nasa. Ba a karɓi sauyin ba, domin a ƙa'ida sunan farko shi ke tsayawa.

Mutuwa da abin da ya bari

Ya mutu a Marlborough. Tarin ƙwarinsa, kimanin 100,000, yana Gidan Tarihin Halittu na Landan. Meyrick ya dogara ga siffar waje, musamman jijiyoyin fiffike, bai cika feɗe ƙwari ba. Saboda haka masana na baya suka sake duba samfuransa, suka mayar da nau'o'i da dama wasu rukunan.