Jim Reeves: ma'aikacin rediyon da ya zama mawaƙin duniya

Yau labarin wani Ba'amurke ne muka kawo muku. Cikin ƴan uwanmu da suka yi zama a Najeriya shekarun baya, ba za a rasa wanda ya taɓa jin muryarsa a kaset ba, wata murya mai kauri da sanyi, kamar ta mai lallashin yaro. Sunansa Jim Reeves, kuma kafin duniya ta san shi, aikinsa irin namu ne: zama gaban makirufo yana sa faifan wasu.

An haife shi ranar 20 ga watan Agusta 1923 a ƙauyen Galloway, cikin jihar Texas. Shi ne autan gidansu. Bai kai shekara guda ba mahaifinsa ya rasu, uwar ta riƙe yara da aikin gona. Wanda ya tashi a karkara ya san abin da wannan ke nufi, ba sai an yi masa bayani ba. Tun yana ƙarami ya koyi kaɗa jita, yana sauraren waƙoƙin Jimmie Rodgers, wanda ake ɗauka uban kiɗan kantiri, wato waƙar mutanen karkarar Amurka, masu noma da kiwon shanu.

To amma waƙa ba ta ciyar da gida a lokacin. Abin da ya fara fitar da shi daga ƙauye wasan besbol ne, wanda ake jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda. Jim gwanin jifa ne, har ƙungiyar St. Louis Cardinals ta ɗauke shi cikin ƙananan kulob-kulob ɗinta. Shekara uku yana wasa, sai ya ji ciwo a ƙafa, shi ke nan wannan hanya ta rufe. A 1947 ya auri Mary White, ga iyali, ga babu sana'a.

Nan ne ya shiga rediyo. Ya fara a wata ƙaramar tasha ta garin Henderson, yana gabatar da shiri, yana karanta talla, in ya samu sarari ya rera tasa. Daga baya ya koma KWKH ta birnin Shreveport, mai wani babban shirin daren Asabar da ake kira Louisiana Hayride. Can ma aikinsa kiran sunayen mawaƙa ne su hau dandali, shi ya koma gefe. Ku duba mutum mai kusan shekara 30, yana ganin abin da yake so tun yarinta a hannun wasu kowane mako. Wani dare wani mawaƙi bai zo ba, aka ce Jim ya cike gurbin. A 1953 waƙarsa Mexican Joe ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri.

Duk da haka, ba muryar da muka sani ba ce a waɗannan faya-fayan farko. A zamanin, mawaƙin kantiri ɗaga murya yake yi, ya tsaya nesa da makirufo, goge na kuka a bayansa. Haka aka sa Jim ya yi, kuma bai so ba. Shekarun da ya yi a rediyo sun nuna masa cewa in ka matso kusa da makirufo ka yi magana a hankali, mai saurare ji yake kamar da shi kaɗai kake. Ya shiga kamfanin RCA a 1955, kuma a 1957, tare da Chet Atkins mai shirya masa faifai, ya gwada abin da ke ransa a waƙar Four Walls. Ya sauke murya ƙasa, aka rage kayan kiɗan ƙauye, aka sa piyano da ƴan amshi masu taushi. Kasada ce, don masu son tsohon salo na iya juya masa baya. Sai ga shi waƙar ta karɓu har wajen waɗanda ba su damu da kantiri ba. He'll Have to Go da ta biyo baya ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya cikin 1960.

Daga nan sunansa ya ƙetare teku. Aka so shi a Ingila, Norway, Indiya, Kenya da Najeriya, har da waƙoƙinsa na coci. A 1962 ya je Afirka ta Kudu, ya koma ya yi fim mai suna Kimberley Jim, ya rera waƙa cikin harshen Afrikaans. Gaskiya ɗaya ce, lokacin mulkin wariyar launin fata ne, kuma wannan tafiya ba abin yabo ba ce a tarihinsa, ko da yake baƙaƙen fata da yawa a nahiyar sun riƙe waƙoƙinsa.

Ranar 31 ga watan Yuli 1964 yana dawowa daga Arkansas zuwa Nashville cikin ƙaramin jirgin sama, shi ke tuƙi, tare da makaɗin piyanonsa Dean Manuel. Saura kaɗan su sauka suka shiga hadari mai ƙarfi, jirgin ya faɗi cikin daji kusa da Brentwood. Sai da aka yi kusan kwana biyu ana nema, har da mawaƙa abokansa cikin masu neman, kafin a gano gawawwakinsu. Saura mako uku ya cika shekara 41.

An binne shi kusa da Carthage, ba nisa da ƙauyen da aka haife shi. Ya bar waƙoƙi da dama da ba a fitar ba, matarsa Mary ta ci gaba da sakin su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga ciki, Distant Drums, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a 1966, shekara biyu bayan rasuwarsa, a daidai lokacin da ƴan Beatles ke tashe.