Yusef Lateef: Mabushin Detroit da ya zo Zariya koyon sarewa

A shekarar 1981 wani dogon dattijo Baƙar Fatar Amurka ya sauka a Samaru ta Zariya, ya kama aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya. Shekarunsa sun kai sittin, yana da digirin digirgir a fannin ilimi, kuma faya-fayansa sun daɗe da zagaya Amurka da Turai da Japan. Sunansa Yusef Lateef. Mutum irinsa, da ya so, da ya zauna a New York yana cin gajiyar sunan da ya riga ya yi. Sai ya zaɓi ya zo ya zauna gaban makiyaya da makaɗan Hausa yana tambaya kamar ɗalibi. Shekara huɗu ya yi a wannan hali, kuma wanda bai san waɗannan shekaru ba zai sha wuya kafin ya gane abin da ya sa masu sauraronsa suka yi ta saɓani a kan faya-fayansa tun daga farko har ƙarshe.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, aka raɗa masa suna William Emanuel Huddleston. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka tare a Detroit, birnin ƙera motoci, inda mahaifinsa ya sauya sunan gidan zuwa Evans. Detroit ta wancan zamani makaranta ce ta kiɗa da ba ta da bango. A nan ya tashi tare da samarin da daga baya suka zama manya a kiɗan jaz, irin su Milt Jackson da Kenny Burrell da Tommy Flanagan da Barry Harris. Ya ɗauki saksafon tun yana makarantar sakandare, ya bi ƙungiyoyin makaɗa yawon gari-gari, har a 1949 Dizzy Gillespie ya gayyace shi cikin babbar ƙungiyarsa.

A wannan tsakanin ne ya karɓi Musulunci ta hannun jama'ar Ahmadiyya, kamar yadda wasu makaɗan Baƙar Fata na wancan lokaci suka yi, ya kuma ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. A 1950 ya koma Detroit ya shiga Jami'ar Wayne domin karatun tsara kiɗa da busa sarewar Turawa. Sabon addininsa ya juya kunnensa zuwa gabas. Ya shiga neman kayan busa da ba a saba ji a dandalin jaz ba: argul ta Larabawa, da shanai ta Indiya wadda 'yar'uwar algaitarmu ce ta kusa, da obo ta makaɗan Turai. A faya-fayansa na farko na 1957, waɗanda kamfanin Savoy ya fitar, har ƙarar kwalbar lemo da ta balan-balan ya shigar cikin kiɗa.

Tun daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu masu sauraro sun ji sabuwar ƙofa ce ta buɗe. Wasu kuwa sun ɗauki abin a matsayin ado, irin kayan ban mamaki da ake jan hankalin 'yan kallo da su. Amsar da ta fi ƙarfi ta zo a 1961 da faifan Eastern Sounds. A waƙarsa ta farko, The Plum Blossom, ya busa wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin mai siffar ƙwai, wadda sautukanta 'yan kaɗan ne, ya gina karin waƙa mai natsuwa a kansu ba tare da ya nemi ƙari ba. A cikin faifan kuma ya busa taken fim ɗin Spartacus da obo, busar da har yau ita ce aka fi saninsa da ita. Wanda ya saurari waɗannan biyu ba zai ƙara cewa ado ne ba. Mutumin ya koyi kayan har ya san iyakarsu, kuma ya yarda ya zauna cikin iyakar.

Akwai wani ɗan labari da ya rataya a kan wannan faifai. A 1966 wani matashin mawaƙi a London mai suna Cat Stevens ya fitar da waƙarsa ta farko, I Love My Dog, wadda karinta ya samo asali daga The Plum Blossom. Daga baya ya amsa cewa aro ya yi, ya biya Lateef haƙƙinsa. Shi ne kuma ya musulunta a 1977 ya koma Yusuf Islam, sai ya zama Yusufu ne ya ci bashin Yusufu ya biya.

Dangantakarsa da Nijeriya ta girmi zuwansa Zariya da shekara ashirin. Da ya koma New York a 1960 ya yi aiki da Charles Mingus, ya kuma yi busa tare da Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Nijeriya da ya yi tashe a Amurka. Yana cikin waɗanda suka yi faifan Uhuru Afrika na Randy Weston a shekarar da ƙasashen Afirka da dama suka sami 'yancin kai, da kuma The African Beat na Art Blakey a 1962, tare da Solomon Ilori. Daga 1962 zuwa 1964 yana cikin ƙungiyar Cannonball Adderley. Mai kaɗa fiyano a ƙungiyar wani ɗan Ostiriya ne, Joe Zawinul, wanda bayan 'yan shekaru zai zama ɗaya daga cikin ginshiƙan abin da ya raba kan masoya jaz gida biyu.

Abin da ya faru shi ne, a ƙarshen shekarun 1960 kasuwar jaz ta ja baya, matasa sun koma ga kiɗan rok mai jita ta lantarki. Makaɗan ɓangarorin biyu sai suka fara leƙa gonar juna. A Ingila ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Soft Machine suka tsawaita waƙar rok daga minti uku zuwa abin da kan cinye fuska guda ta faifai, suka aro tsari daga jaz da kiɗan Turai na dā. A Amurka Miles Davis ya fitar da Bitches Brew a 1970 da kayan lantarki da bugun rok, Zawinul da Wayne Shorter kuma suka kafa Weather Report. Masu sauraro suka kasu. Tsofaffin masoya suka ce an sayar da gado saboda kuɗi, sabon kiɗan kuwa haɗin gambiza ne kawai. Matasa suka ce tsofaffin suna so su mayar da kiɗa kayan gidan tarihi. Mujallu irin su DownBeat sun daɗe suna ɗauke da wannan muhawara a shafukan sharhi da na wasiƙun masu karatu.

Lateef bai tsira daga wannan guguwa ba. Faya-fayan da ya yi wa kamfanin Atlantic daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1976, irin su The Blue Yusef Lateef da Yusef Lateef's Detroit da The Gentle Giant, sun ɗauki bas na lantarki da bugun fank da muryoyin amshi. A 1977 ya koma kamfanin CTI, wanda ya shahara wajen goge kiɗan jaz domin ya shiga rediyo, ya fitar da Autophysiopsychic, faifai mai bugun rawa wanda har waƙa ya rera a cikinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙaunace shi saboda Eastern Sounds ba su karɓi wannan ba. Gaskiya kuma ba laifinsu ba ne gaba ɗaya, domin a wasu wurare tsarin kamfani ya danne muryar mai busa, har mai sauraro ya riƙa nemansa a cikin faifansa. Sai dai hukuncin bai tsaya a nan ba. Bayan shekara ashirin, masu haɗa kiɗan hip-hop sun koma suna tono faya-fayan jaz na waɗannan shekaru suna yanko guntaye, nasa na ciki, abin da aka raina jiya ya koma abin nema a shagunan tsofaffin faya-fayai.

Shi kansa bai shiga gardamar ta ƙofar da aka buɗe masa ba, domin kalmar jaz ɗin ma ya ƙi ta. Ya bi ƙamusoshi ya ga ma'anonin da aka jingina mata na batsa da shirme, ya ga bai dace a kira aikin mutane masu mutunci da ita ba. Sunan da ya ƙirƙira wa kiɗansa shi ne wanda ya ba faifan 1977, ma'anarsa kuwa kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Kalmar tana da nauyi a baki, kuma ba ta taɓa karɓuwa a kasuwa ba, amma bai sake ta ba har ya mutu. A daidai lokacin yana karatu ba ƙaƙƙautawa: digirin farko a Makarantar Kiɗa ta Manhattan a 1969, na biyu a 1970, sannan digirin digirgir daga Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 1975, da kundin da ya kwatanta tsarin ilimin Yamma da na Musulunci. Wajen 1980 ya yanke shawarar daina busa a gidajen rawa inda ake sayar da giya. Ga makaɗi irinsa wannan daidai yake da rufe babbar ƙofar abincinsa da hannunsa.

Da wannan hali ya iso Zariya. Aikin da ya sa a gaba shi ne nazarin sarewar Fulani makiyaya, yadda ake yin ta, da yadda ake busa ta, da lokutan da ake busa ta. Ya koyar, ya zauna da makaɗan cibiyar, ya saurari kalangu da goge da algaita a inda suke da aiki, wato a fada da biki da kasuwa. A Amurka ya saba ganin irin waɗannan kaya a hannun masu tara kayan tarihi. A nan kuwa ya tarar kowace busa tana da mai ita da dalilinta, akwai wadda ba a yi sai ga sarki, akwai wadda ba ta wuce makiyaya. Mazauna Kurmin Sarki da sauran unguwannin Suleja ba baƙin wannan ba ne, tun da sarautar garin reshe ce ta tsohuwar Zazzau da ta yi ƙaura zuwa kudu bayan jihadi, ta taho da tambarinta da kakakinta. Garin ma ya taɓa ganin irin wannan gamuwa a wata sana'a: lokacin da Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954, zanen Gbagyi ya hau yumɓun da aka gasa da fasahar Turawa, aka kuma yi ta tambayar ko na gargajiya ne ko na zamani.

Zaman Zariya ya haifi abubuwa uku da za a iya taɓawa da hannu. Na farko faifan Hikima, wanda ya yi a 1983 da makaɗa da mawaƙa na cibiyar, inda saksafon da sarewa suke tafiya kan gangunan Hausa. Na biyu faifan In Nigeria, da aka ɗauka a Legas a wannan shekara tare da makaɗan ganga 'yan ƙasa, kamfanin Landmark ya fitar da shi a Amurka a 1985. Wanda ya jera waɗannan kusa da faifan 1977 zai ji bambancin nan take. An sauke bas na lantarki da tarin kayan ɗakin ɗaukar murya, an bar numfashi da fata da itace. Gauraye ne shi ma, amma a wannan karo baƙon ne ya bi bugun masu gida.

Na uku littafi ne, Hausa Performing Arts and Music, wanda ya rubuta tare da abokin aikinsa Ziky Kofoworola, Sashen Al'adu na Ma'aikatar Yaɗa Labarai da Al'adu ta Tarayya ya buga shi a Legas a 1987 ƙarƙashin Nigeria Magazine. Wannan ya cancanci ma'aikacin tarayya ya tsaya a kansa. A shekarun da tattalin arziki ya tsuke, aka yi juyin mulki a 1983 da 1985, wata jami'ar tarayya ta iya riƙe mashahurin makaɗi na duniya shekara huɗu yana bincike, wata ma'aikatar tarayya kuma ta buga sakamakon. Har yanzu masu nazarin kiɗan Hausa a jami'o'in waje suna ambaton littafin. Faifan Hikima kuwa sai da wani ƙaramin kamfani a ƙetare ya sake fitar da shi bayan rasuwar mai shi kafin yawancin masu sauraro su san da shi, alhali muryoyin da ke cikinsa na Zariya ne.

Ya koma Amurka a 1985. A 1987 ya fitar da Yusef Lateef's Little Symphony, inda shi kaɗai ya busa ya kuma kaɗa dukkan kayan, faifan ya ci kyautar Grammy a rukunin kiɗan natsuwa da ake kira New Age. Mutumin da ya kwashe shekaru yana ƙin sunan da aka laƙa masa sai ga shi an karrama shi ƙarƙashin wani sunan da shi ma bai zaɓa ba. A 1992 ya kafa kamfaninsa na faifai, YAL, domin kada wani ya ƙara tsara masa abin da zai busa. Ya koyar a Jami'ar Massachusetts da Kwalejin Hampshire, ya rubuta manyan ayyuka ga ƙungiyoyin makaɗa, ciki har da The African American Epic Suite na 1993, ya kuma daɗe yana aiki da makaɗin ganga Adam Rudolph. Littafinsa na ma'aunan sauti da karin waƙa, wanda ya tattara daga al'ummu daban-daban ya fitar a 1981, yana hannun ɗaliban busa har yau.

Ya sauke farali sau biyu. A 2006 ya fitar da tarihin rayuwarsa tare da marubuci Herb Boyd. A 2010 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambarta mafi girma a fagen jaz, ya karɓa, ko da yake kalmar da ya ƙi tana rubuce a jikinta. Bai ajiye busa ba har cikin shekararsa ta ƙarshe. Ya rasu a gidansa da ke Shutesbury a jihar Massachusetts ranar 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93.