Grey Walter, Mutumin da Ya Ƙera Kunkurun Lantarki

An haifi William Grey Walter a ranar 19 ga Fabrairu, 1910, a birnin Kansas City na ƙasar Amurka. Mahaifinsa Bature ne ɗan Ingila, mahaifiyarsa kuwa Ba'amurkiya, dukansu biyu kuma 'yan jarida ne. Yana ɗan shekara biyar aka kai shi Ingila, inda ya yi karatu a makarantar Westminster, daga nan ya wuce jami'ar Kambirij, ya gama a 1931.

Aikinsa na ainihi shi ne binciken ƙwaƙwalwa. A lokacin, ba a daɗe da gane cewa ƙwaƙwalwar mutum tana fitar da ɗan ƙaramin lantarki wanda za a iya aunawa daga fatar kai ba. Walter ya ƙware wajen ƙera na'urorin wannan awo, har a 1936 ya nuna cewa za a iya gane wurin da ƙari yake a cikin kai ta wurin wani irin motsin lantarki mai nawa da ke fitowa daga gefen ƙarin. A 1939 ya koma cibiyar Burden da ke Biristol, a can ya yi sauran shekarun aikinsa.

Tambayar da ta dame shi ita ce, ko yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke kawo wayo, ko kuwa yadda aka haɗa su da juna. Domin ya gwada wannan, tsakanin 1948 da 1949 ya ƙera wasu na'urori biyu a gidansa, ya sa musu suna Elmer da Elsie. Saboda ƙoƙon da ke bayansu da tafiyarsu ta sannu, aka riƙa kiransu kunkuru.

Kowane kunkuru yana da ƙafafun taya uku da ƙananan injuna biyu: ɗaya yana tura shi gaba, ɗaya yana juya tayar gaba. Yana da ido guda na lantarki mai jin haske, ƙoƙon bayansa kuma yakan taɓa wata waya in ya yi karo da wani abu. Ƙwaƙwalwarsa duka kwalaben lantarki biyu ne kawai, irin na tsohuwar rediyo. Babu kwamfuta a cikinsa ko kaɗan.

Duk da haka, abin da yake yi ya ba mutane mamaki. A cikin duhu sai ya yi ta kewaye yana nema. Sa'ad da idonsa ya hango haske madaidaici, injin juyawa yakan tsaya, shi kuwa ya nufi wurin. In hasken ya yi ƙarfi ainun sai ya kauce. In ya ci karo da kujera, yakan manta da haske na ɗan lokaci, ya yi ta turawa yana juyawa har ya sami hanya. Walter ya gina musu ɗan akurki mai fitila mai ƙarfi a ciki. Muddin batirin yana cike, kunkurun yana gudun wannan fitila, amma da ƙarfinsa ya ragu sai hasken ya daina korarsa, ya shiga akurkin, a cika masa batir. Wanda ya tsaya kallo zai rantse yunwa ce ta kai shi.

Akwai kuma wata 'yar fitila a gabansa wadda takan mutu da zarar ya ga haske. Da aka ajiye shi gaban madubi, sai ya ga fitilarsa, ya nufe ta, ta mutu, ya koma nema, ta sake kamawa. Haka ya yi ta rawar jiki a wurin. Walter ya kwatanta wannan da gane kai, ko da yake a nan ya ɗan zarce, gama kunkurun bai san kome ba.

Abubuwan nan uku, wato abin ji, abin yanke shawara, da abin motsi, su ne ake fara koya wa yaran ƙaramar sakandare a darasin mutum-mutumi. Yaron da ya haɗa 'yar mota mai bin haske ko mai kauce wa bango, sawun Walter yake bi.

An nuna wasu sababbin kunkurunsa a babban bikin baje kolin Birtaniya na 1951, a 1953 kuma ya buga littafinsa mai suna The Living Brain. A 1964 shi da abokan aikinsa suka gano wani motsin lantarki da ke tashi a ƙwaƙwalwa sa'ad da mutum yake jiran abin da ya san yana zuwa.

A 1970 ya yi hatsari a kan babur, ya ji mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, gaɓar da ya yi fiye da shekara talatin yana bincike a kanta. Bai warke sarai ba, bai kuwa koma cikakken aiki ba. Ya rasu a Biristol ranar 6 ga Mayu, 1977, yana da shekara 67.