Marigayi Sulaimanu Barau, Sarkin Da Ya Ba Da Ƙasa Ya Ba Da Suna

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Ikko ko Badun zai tafi gida ta hanyar Lakwaja, ya san Zuba, ya san dutsen Zuma, ya kuma san garin Suleja da ke kusa da hanyar Kaduna. Amma ba kowa ne ya san cewa wannan gari shi ne Abuja ta asali ba, kuma sunan da yake amsawa a yanzu daga sunan mutum aka ciro shi. Mutumin kuwa shi ne marigayi Alhaji Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja na shida, wanda ya yi shekara 35 a kan gadon sarauta, watau daga 1944 zuwa 1979.

Labarinsa labari ne na yadda mulkin gari ya tashi daga hannun sarki ya koma hannun majalisa. A idonsa aka yi wannan canji tun daga farko har ƙarshe.

Asalin gidan

Sarakunan Abuja Haɓen Zazzau ne. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa, ya yi kudu, ya sauka a Zuba cikin ƙasar Koro da Gwari. Ya rasu wajen yaƙi a kusa da Lapai cikin 1825, ɗan'uwansa Abubakar Jatau ya gaje shi. Shi ne ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ne kuma ya kafa sabon gari cikin 1828, garin ya ci sunansa. Bayansa aka yi Abu Kwaka, sannan Ibrahim Iyalai. Fulani ba su taɓa cin garin da yaƙi ba har zuwan Turawa cikin 1902. Shi ya sa har gobe Sarkin Suleja yake riƙe da laƙabin Sarkin Zazzau.

Da yake garin bai faɗa hannun masu jihadi ba, sai tsohon tsarin sarautar Haɓe ya zauna a can yadda yake. Sarki ba ya yanke babbar magana shi kaɗai. Akwai Madawaki mai riƙe da sha'anin yaƙi, da Galadima, da Wambai, da Dallatu, ga kuma malamai da limamai waɗanda ba a tsallake shawararsu. Saboda haka zaman majalisa ba baƙon abu ba ne a Abuja tun kafin Bature ya zo da tasa.

An haifi Sulaimanu Barau cikin 1903, shekara guda bayan Turawa sun shiga garin. Mahaifinsa shi ne Sarkin Abuja Muhammadu Gani, wanda ya yi sarauta daga 1902 zuwa 1917.

Daga aji zuwa fada

A zamanin da 'ya'yan sarakuna da yawa ake ɓoye su don kada a kai su boko, an sa Sulaimanu makarantar lardi ta Bida. Daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922. Yana cikin ɗaliban farko-farko na wannan makaranta. A bayansa ne Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shiga.

Da ya gama, ya yi aikin malanta a Keffi da Bida daga 1927 zuwa 1931. Daga nan aka naɗa shi Hakimin Diko, inda ya yi shekara biyar. A nan ya koyi aikin mulki daga tushe: ƙidayar masu biyan haraji, karɓar jangali, gyaran hanya da kasuwa, da sasanta rikicin gona tsakanin ƙauyuka. Galibin talakawan ƙasar Gwarawa ne, ba Hausawa ba, da yawansu kuma ba Musulmi ba ne a lokacin. Hakimin da bai iya zama da wanda ba yarensa ba, ba zai kai labari a irin wannan ƙasa ba.

Cikin 1936 aka dawo da shi cikin gari, ya shiga ofishin En'e yana taimakon Sarki Musa Angulu, wanda tsufa ya fara cim masa. Da Allah ya yi wa Musa Angulu rasuwa, aka naɗa Sulaimanu Barau cikin watan Maris na 1944. Ana ƙidaya shi a matsayin sarki na farko a Arewa da ya yi zurfin karatun boko har ya koyar a aji.

Ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi tunawa da shi a kai shi ne hana afi. A da, talaka in ya zo gaban sarki sai ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa. Sabon sarki ya hana a yi masa haka. Wani zai ga abin ƙarami ne, amma mutumin da kansa ke cikin ƙura ba ya iya ɗaga ido ya faɗi abin da ke damunsa.

Zamanin En'e

Ya kamata matasa masu karatu su san abin da En'e take nufi a wancan zamani. Sarki shi ne En'e. Baitulmali yana ƙarƙashinsa, haka kotunan alƙalai, da 'yan doka, da gidan yari, da makarantun elemantare, da ɗakunan shan magani, da kasuwanni. Sama da shi sai Di'o da Razdan na Lardin Neja. Duk abin da kansiloli suke muhawara a kai a yau, daga kuɗin rumfar kasuwa zuwa haƙa rijiya, a wancan lokaci a zauren sarki ake ƙare shi.

Wannan ƙarfi ne Sulaimanu Barau ya tarar. Amma bai daɗe a kan gado ba iska ta fara juyawa.

Cikin 1947, a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards, aka shigar da Arewa cikin Majalisar Dokoki ta Nijeriya a karo na farko. Sarkin Abuja yana cikin sarakunan Arewa ƙalilan da aka zaɓa su zauna a wannan majalisa, duk da cewa ƙasarsa ƙarama ce in aka gwada da Kano ko Sakkwato. Iliminsa ne ya kai shi. A can ya zauna kujera da kujera da lauyoyi da 'yan jarida na Kudu, ya ga yadda ake ja-in-ja a kan kasafin kuɗi, ya ga yadda ake tsare mai mulki da tambaya.

Cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e, don talaka ya sami bakin magana. Wannan batu ya ɓata wa sarakuna da yawa rai. Amma daga baya doka ta canza, sarki ya daina zama En'e shi kaɗai, ya koma sarki cikin majalisa. Dokar En'e ta 1954 ta tabbatar da haka, aka kuma yi ta kafa majalisun gunduma da na ƙauyuka. A wasu wurare an yi ta kai ruwa rana, har wasu manyan sarakuna suka rasa rawunansu cikin shekarun nan. Sarkin Abuja ya tsallake wannan zamani lafiya, rawaninsa yana kansa.

Tukwane da littafi

Aikin gari bai tsaya ga haraji ba. Sarki Sulaimanu mai son sana'ar talakawansa ne, har ya tara tukwanen matan Gwari a fadarsa. A nan ne wani Baturen Ingila magini, Michael Cardew, ya ga aikin wata mata 'yar ƙauyen Kwali. Cardew ya zaɓi Abuja ya kafa makarantar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Cikin 1954 matar nan, Ladi Kwali, ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko a ciki. Daga baya ta zaga Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, yau kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Har wa yau a zamaninsa ne 'ya'yan garin biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, suka rubuta tarihin Abuja da al'adunta da Hausa, aka juya shi da Turanci aka buga cikin 1952. Masana tarihi na ƙasashen waje sun dogara ƙwarai da wannan aiki wajen sanin yadda sarautar Haɓe take kafin jihadi.

Soja sun zo

Bayan juyin mulkin 1966 abubuwa suka yi sauri. Cikin 1967 aka rushe Jihar Arewa, Abuja ta faɗa Jihar Arewa Maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato. Cikin 'yan shekaru aka karɓe kotuna daga hannun En'e, aka kuma haɗe 'yan doka da gidajen yari da na Gwamnatin Tarayya. Sannan cikin 1976 aka yi babban gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya. Sunan En'e ya mutu. Aka kafa ƙananan hukumomi masu shugaba da kansiloli, sarakuna kuwa aka ware musu majalisar masarauta wadda aikinta ba da shawara ne.

A wannan shekarar ce kuma babban al'amari ya sauka a ƙofar gidansa. Tun cikin watan Agusta na 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko za ta ci gaba da zama hedkwatar ƙasa. Mazauna Ikko ba sa bukatar a faɗa musu dalili: cunkoso, ƙarancin fili, da tsadar ɗaki. Kwamiti ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya ba da sanarwa, aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6. A ranar ce kuma aka ƙirƙiro Jihar Neja. Bayan kwana goma aka kashe Murtala.

An yanko filin daga jihohi uku, Neja da Filato da Kwara, amma kaso mafi girma daga ƙasar Sarkin Abuja ya fito. Bwari, Kuje, Kwali, har da Zuba inda Makau ya fara sauka, duk suka fita daga hannunsa. Tsohon garin kansa aka bar shi a waje, cikin Jihar Neja. Da aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni, sai tsohon gari ya koma Suleja, daga Sule, watau Sulaimanu, da Ja na Abu Ja.

Dattijo mai shekara 73 ya ga an raba shi da yawancin ƙasarsa da sunan da kakanninsa suka riƙe kusan shekara 150. Bai tayar da fitina ba, bai zuga talakawa ba. Ma'aikatan hukumar gina sabon birni ma a Suleja suka fara yada zango kafin su sami inda za su zauna a cikin daji. Ya rasu cikin 1979, shekara 12 kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991. Ibrahim Dodo Musa ne ya gaje shi.

Abin da ya bari

Kyautar ta zo da nauyi, kuma talakawa ne suka fi ɗaukarsa. Da farko shirin gwamnati shi ne ta kwashe duk mazaunan yankin ta sake musu matsuguni a jihohin maƙwabta. Da aka ga yawan kuɗin da abin zai ci, sai cikin 1978 aka fasa, aka tayar da waɗanda gini ya biyo ta kansu kawai. Ta haka aka sami garuruwa irin su Sabon Wuse. Sauran Gwarawa, Koro, Gade, Gwandara, Bassa da Ganagana suka zauna a kan ƙasar da doka ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya. Maganar diyya da sake matsuguni ba ta mutu ba har yau.

Yankin Abuja ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha. Minista ne yake tafiyar da shi, Majalisar Tarayya ce take yi masa doka. Hukumar da talaka yake zaɓa da hannunsa don ta kula da unguwarsa ita ce majalisar yanki, kuma guda shida ne: ta Birnin Abuja, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, da mazaɓun kansiloli 62. Hukumar zaɓe ta ƙasa ce take gudanar da zaɓensu, ba kamar na jihohi ba. Abin da suke zama a kai shi ne albashin malaman firamare, ɗakin shan magani, kwashe shara, rumfunan kasuwa, tashar mota da harajin shaguna. Watau dai ayyukan nan da Hakimin Diko ya fara da su cikin 1931.

Suleja kuwa ta cika ta batse da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda hayar Abuja ta fi ƙarfinsu. Da safe su tafi aiki birni, da dare su dawo su kwana a Jihar Neja. Nauyin ruwansu da hanyarsu da makarantar 'ya'yansu yana kan ƙaramar hukumar da ba ita ke cin moriyar guminsu ba.

Akwai abin lura a nan ga 'yan Arewa mazauna Agege, Idi-Araba, Sabon Badun, Shagamu, Anaca da Fatakwal. Sarkin Hausawa yana da girmansa, yana sasanta rigima, yana karɓar baƙo. Amma ranar da za a tayar da kasuwa, ko a ƙara kuɗin rumfa, ko a ƙwace filin maƙabarta, a zauren majalisar ƙaramar hukuma ake yanke hukunci. Wanda bai yanki katin zaɓe a inda yake zaune ba, bai san sunan kansilansa ba, to, sai dai ya ji a bakin mai shela. Sulaimanu Barau ya gane inda mulki ya nufa tun yana da ƙarfin da zai ja da shi, ya ɗaga kan talakansa daga ƙura, ya koyi zaman majalisa. Shi ya sa da mulki ya tafi, girmansa bai bi shi ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.