Franz Boas

Franz Boas (9 ga Yuli 1858 zuwa 21 ga Disamba 1942) masanin ilimin nazarin ɗan Adam ne, haifaffen Jamus wanda ya yi yawancin aikinsa a Amurka. Ana kallon sa a matsayin uban wannan fanni a Amurka, domin tsarin da ya shimfiɗa ne jami'o'in ƙasar da dama ke bi har yau wajen koyar da ɗaliban digirin farko.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Minden na Jamus, a gidan Yahudawa. Ya yi karatu a jami'o'in Heidelberg da Bonn da Kiel, inda ya samu digirin digirgir a fannin fiziks a 1881 bisa bincike kan launin ruwa. A 1883 ya tafi tsibirin Baffin da ke arewacin Kanada don binciken labarin ƙasa. Zaman kusan shekara guda da ya yi da mutanen Inuit ne ya karkata hankalinsa zuwa ga harsuna da al'adu. Ya koma Amurka da zama a 1887.

Koyarwa

Boas ya fara koyarwa a Jami'ar Clark, sannan ya koma Jami'ar Columbia da ke New York a 1896, ya zama farfesa a 1899. Ya dage cewa ɗalibi ba zai fahimci ɗan Adam ba sai ya haɗa rassa huɗu: nazarin al'ada, da nazarin harshe, da nazarin halittar jiki, da ilimin tono kayan tarihi. Ya kuma buƙaci ɗalibansa su je su zauna da al'ummar da suke nazarta, su rubuta bayanai daga bakin masu harshen.

Cikin ɗalibansa akwai Alfred Kroeber da Ruth Benedict da masanin harshe Edward Sapir. Margaret Mead da Zora Neale Hurston kuwa sun fara zama a ajinsa ne suna ɗaliban digirin farko a Kwalejin Barnard.

Ra'ayoyinsa

A zamaninsa masana da yawa na jera al'ummomi hawa-hawa, Turawa a sama, sauran a ƙasa. Boas ya ƙi wannan, yana ganin kowace al'ada tana da tarihinta, kuma da ma'auninta ya kamata a fahimce ta. A wata maƙala ta 1889 ya nuna cewa Turawan da ke zargin harsunan 'yan asalin Amurka da rashin tsayayyen furuci, kunnensu ne ya saba da sautukan harshensu kawai.

Ya kuma auna baƙin haure da 'ya'yansu sama da 17,000 a New York, ya gano cewa siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta ɗan bambanta da ta iyayensu. Wannan ya raunana da'awar cewa siffofin jinsi ba sa canjawa. Littafinsa The Mind of Primitive Man ya fito a 1911, kuma 'yan Nazi sun ƙona littattafansa a 1933.

Suka

An soki Boas kan tattara ƙasusuwan 'yan asalin Amurka daga kaburbura. Haka kuma, bayan roƙon da ya yi, Robert Peary ya kawo mutanen Inuit shida daga Greenland zuwa New York a 1897, huɗu daga cikinsu suka mutu da tarin fuka.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 1936. Ya rasu yana da shekara 84, a lokacin wata liyafar cin abincin rana a Jami'ar Columbia.